Ni Na Miƙe Fiffiken Motar

Duk wanda ya san ni a Tudun Fulani, nan Minna, ya san bakina. Ba na zagi, amma idan miyarki ba gishiri zan gaya miki, ko a gidan suna ne. Na taɓa aika wa wani malami cewa wa'azinsa ya yi tsawo har ƙafata ta mutu, ya rage ko mu rage zuwa. Shekara da shekaru ina ɗauka wannan babban hali ne Allah ya ba ni. Ashe dai ban taɓa gwada shi a kaina ba ne.

Mijina, Allah ya jiƙansa, magini ne. Da ya rasu ya bar mini gidan nan da akwatin kayan aikinsa, kuma a cikin kayan babu abin da na riƙe kamar ma'aunin lebur. Wata sanda ce ta alminiyon mai 'yar kwalba a tsakiya, da ƙwayar iska a cikin ruwa. Ka ɗora ta a kan abu, in ƙwayar ta tsaya tsakanin zane biyu, abin ya miƙe. In ta gudu gefe, an cuce ka. Mijina yakan ce duk ma'aikacin da ya yi karkataccen aiki magana ɗaya gare shi, wai haka ake so. Na haddace wannan kamar karatu. Murhuna a lebur yake, gadona a lebur, randata ma sai da na sa mata tsinken katako a ƙasa. Keken ɗinkin maƙwabciyata ni na daidaita shi ba ta roƙe ni ba.

Autana yana zaune tare da ni, shi da matarsa, a ɓangaren da ubansa ya gina masa. Ya haura talatin da biyar, aikinsa a kwamfuta yake, ban san me yake dannawa ba amma yana ciyar da mu. Ciwonsa ɗaya ne, mota. Ya je ya sayo wata ja mai ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. In zan shiga sai na naɗe kaina kamar darduma, in zan fita sai an jawo ni. Sau biyu na shige ta, na ce ya isa, keke mai taya uku ya fi mini mutunci.

Bai tsaya nan ba. Ya kai ta wani gareji ta wajen Bosso, wurin wani mai aikin faiba, wato wannan abin mai kama da roba mai tauri da suke zubawa su ƙera jikin mota. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, baƙi siriri, gemunsa ya fara furfura. Sati uku motar tana wurinsa. Ranar da suka dawo da ita tare, na fito na same ta an sa mata leɓe a gaba yana kusan lasar ƙasa, an ɗaura mata siket hagu da dama, sannan a kan murfin but, can baya, an kafa wani dogon fiffike a bisa ƙafafu biyu, kamar teburin mai shayi.

Na ce, “Wannan fa? Tashi za ta yi?”

Autana ya ce, “Inna, don kada ta tashi ne ma aka sa. In mota tana gudu sosai, iska na shiga ƙarƙashinta tana neman ɗaga ta. Leɓen nan na gaba yana tare iskar, shi kuma fiffiken yana danne bayan, taya ta kama ƙasa.”

“Gudu zuwa ina? Tsakanin 'yan keke da ɗaliban jami'a?”

Ya ci gaba da bayani, har da zana iska da hannu. Ni kuwa ban ji ko rabi ba, don idona ya riga ya ga abin da ya gani. Fiffiken a karkace yake. Bakinsa na gaba ya sunkuya, na baya ya ɗaga.

Mai faiba ya durƙusa ya gaishe ni, “Mama, mun same ku lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau. Aikinka ya karkace.”

Ya yi murmushi ya ce, “Haka ake so, Mama.”

Da ya san abin da kalmar nan take nufi a gidan nan da ya zaɓi wata. Na ce a raina, to, an samu yaro mai kuɗi marar ido an yi masa aikin ganin dama.

Kwana huɗu ina wuce motar nan ina kawar da kai. In na fito alwala fiffiken ne, in na fito shara shi ne. Ran Alhamis autana ya tafi Abuja a motar haya, don tasa ba ta iya ramukan hanya. Da hantsi na jawo turmi na kifa shi a bayan motar, na hau, na ɗora ma'aunin lebur a kan fiffiken daga gaba zuwa baya. Ƙwayar iskar ta ruga can ƙarshen kwalba ta ɓuya. Na ce ai ka ji.

Noti huɗu ne suke riƙe da shi, biyu kowane gefe, a cikin wata tsaga da ke ba shi damar sunkuyawa ko ɗagawa. Kowane noti an ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa, daga kansa har jikin ƙarfen. Na ce dubi wannan kuma, ko goge fenti bai iya ba. Na samo sifana a akwatin mijina, na gwada, notin ya ƙi. Matar magini ba ta rasa dabara. Na zura guntun bututun ruwa a gindin sifanar, na danna da nauyina, sai ga shi ya saki. Haka na bi su huɗun. Na ɗaga bakin fiffiken a hankali, ina duba kwalba, har ƙwayar ta zo ta zauna daram tsakanin zane biyu. Na ɗaure notin tamau da bututun nan, na kankare fentin da farce.

Surukata ta fito da bokitin wanki ta same ni a kan turmi.

“Inna, me ake yi?”

“Gyara.”

Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce “To,” ta wuce wurin igiya. Yarinya ce mai kunya. Shekara shida ina gaya mata gaskiya a kan tuwonta, ba ta taɓa mayar mini ba.

Na sauko ina jin daɗin kaina. Har addu'a na yi wa mijina, na ce ga shi iliminka bai mutu ba. Autana ya dawo Juma'a bai lura da komai ba, ni kuma ban faɗa ba. Jira nake ya yaba da kansa, sannan in ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ran Asabar da safe ya fita. Suna da wani guruf a waya, su masu irin waɗannan motoci, sukan haɗu a wata shimfiɗaɗɗiyar kwalta can gaba da Chanchaga inda babu mutane sosai, su taka. Na sha yi masa faɗa a kan haka, wannan kam ban yi kuskure ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga motar an jawo ta da igiya, leɓen gaba ya tsage, jar ƙasa har kan gilashi, ganyen doya na reto a siket. Shi kuma aka fito da shi daga motar abokinsa da filasta a goshi, wuyansa ba ya juyawa.

Na zauna a dandamali. Ya ce, “Inna, ba komai, da sauƙi.” Ya ce yana cikin gudu ya shiga wata 'yar kwana da ya saba shiga, sai ya ji bayan motar ya yi sakayau kamar an ɗaga shi da hannu. Kafin ya yi wani abu ta juya sau biyu ta faɗa gonar doya. Allah ya sa babu bishiya, babu kowa a gonar.

Ina ta hamdala, ina shafa kansa kamar jariri. Sai abokin nasa, wanda ke zagaya motar, ya ce, “Kai, zo ka gani. Fiffiken nan ba haka yake ba ran da aka sa shi. Ya motsa.”

A nan hannuna ya tsaya a kan goshin ɗana.

Washegari Lahadi, bayan an taso daga coci, mai faiba ya zo da kayan cocinsa a jiki, farar riga da takalmi mai sheƙi. Autana ne ya kira shi. Ina zaune a baranda ina tsince shinkafa, ko in ce ina juya ta dai.

Autana ya ce, “Notinka sun saki. Da yanzu ana zaman makokina.”

Mutumin ya nufi bayan motar. Ya je ya taɓa notin ɗaya bayan ɗaya, ya gwada girgiza fiffiken, ko motsi.

“Ba su saki ba, oga. A ɗaure suke, sun ma fi yadda na ɗaure su. Kuma ni duk notin da na ɗaure ina ɗiga masa fenti, don in ya juya ko kaɗan a gani. Dubi nan, an kankare. Sifana ta hau wannan.”

“Sifanar wa? Motar nan tana cikin gidan nan tun ran da ka kawo ta. Ni ba na nan, ƙofa a kulle. Matata ce za ta kwance, ko tsohuwar nan? Kana nufin uwata ce ta hau ta kwance maka noti?”

Mai faiba ya juyo. Ma'aunin lebur yana rataye a ƙusa a bangon baranda, daidai saman kaina, inda yake kullum. Ya dube shi. Ya dubi turmin da ban ko mayar wurinsa ba. Sannan ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

“Ban ce ba, oga.”

Ya gane, kuma na san ya gane. Wuri ne na buɗe baki, kalma biyu kawai. Ni da na gaya wa malami ya rage wa'azi. Sai na ji muryata tana ce wa surukata ta kawo wa baƙo ruwa.

Bai sha ba. Ya yi sallama ya tafi.

Autana yana da zuciya irin ta ubansa, kuma ya tsorata, tsoro kuwa yana son wanda zai ɗora wa. A ranar ya ɗauki hoton motar da na goshinsa ya tura guruf ɗinsu, ya yi magana mai tsawo a kan mai faiba. Daga nan ta bazu. Minna ba ta da girma in maganar ɓaci ce.

Ni kuma na shiga wani hali. Na zama mutuniyar kirki. Maƙwabciyata ta kawo mini ɗanɗanon kunun da ya tsinke kamar ruwan wanki, na ce ya yi daɗi. Na ce wa surukata tuwonta ya tuƙu. Ta ajiye ludayi ta dube ni kamar za ta kira likita. Matan unguwa suka fara shigowa duba ni, wai sun ji Inna ta yi sanyi, ko jiki ne.

Kullum in na idar da sallar asuba sai in ce yau zan faɗa. In ya fito da filastarsa ya gaishe ni, sai in ce bari ya karya tukuna. In ya karya, bari ya gama aiki. Na ce wa kaina wuyansa bai warke ba, kada in ƙara masa. Na ce wa kaina ai Allah ne ya ƙaddara. Har cewa na yi, to wa ya sani ma, wataƙila taya ce. Da yake a ajin manya na koyi rubutu, bayan na haura sittin, na ce bari in rubuta masa tunda baki ya ƙi. Na yage takarda na zauna na rubuta “ni ce” da manyan baƙaƙe, na daɗe ina kallonsu, sun fito da kyau ma. Da ita na hura wuta da rana.

Gaskiyar ita ce, tsoron fushinsa kaɗan ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce Inna ta yi shirme. Wa zai ƙara sauraro na a kan gishiri?

Ran Lahadi ta biyu surukata ta dawo daga kasuwar Bosso ta ajiye kayan miya a gabana. Wurin matar mai faiba take sayen tumatir.

Ta ce, “Inna, an janye motoci uku daga rumfarsa. Gobe da safe ƙungiyar garejin za ta zauna a kansa. Wai in an tabbatar aikinsa ne, zai bar rumfar. Shekararsa goma sha a wurin.”

Na ce, “Allah ya kyauta.”

“Amin.” Ta fara zare tattasai daga leda. “Matar ta tambaye ni ko na san wani abu. Na ce ni ran Alhamis shanya nake kallo.”

Ba ta ko ɗago kai ba. Shekara shida ina jiran ranar da yarinyar nan za ta rama, ashe haka ramuwarta take.

Ran Litinin autana ya riga ni fita, don shi ne mai ƙara. Na sa mayafi, na zuba sifana a jaka, na ɗauki ma'aunin lebur a hannu kamar sanda, na tari keke. Mai keken ya ce, “Hajiya, gini za a duba?” Na ce tuƙa kawai.

A gindin wani mangwaro suka zauna, maza wajen ashirin, makanikai da masu fenti da masu walda, wasu a benci wasu a kan tsofaffin tayoyi. Motar ɗana tana gefe, an jawo ta don shaida. Mai faiba yana tsaye hannuwansa a baya. Shugabansu wani dattijo ne Banufe, abokin wasanmu, mutumin Bida, mai tsage a kumatu da carbi a hannu. Na yi sallama, duk suka juyo.

Autana ya taso, “Inna, lafiya? Me ya kawo ki nan?”

“Koma ka zauna.” Na fuskanci dattijon. “Ni na kwance notin. Ni na miƙe fiffiken. Mutumin nan bai yi komai ba.”

Na ɗauka ƙasa za ta tsage, ko a yi salati. Sai wani mai walda ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Dattijon ya ce, “Hajiya, daga jin harshenki Bakatsiniya ce.”

“Ita ce.”

“Ai na sani. Baiwata ce ashe ta zo. To, Allah ya ba ki ladan tausayi, mun gode. Amma nan ba a ceton mutum da ƙarya, ko da ta alheri ce. Je ki gida ki huta.”

“Kai Banufe, ni ce zan yi ƙarya?”

“Ku Katsinawa ai kunya ce ta yi muku yawa, kwa iya ɗaukar laifin wani don kada a ga hawaye. Notin da ƙato ya ɗaure, ke da wannan hannun kamar tsinken tsire?”

Autana ma ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, “Inna, na san kina jin tausayin iyalinsa, amma ki bari. Kina ba ni kunya.”

Kwana tara ina fama in fito da maganar nan, na fito da ita, an ce in mayar. Sai raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran ya fi mini sauƙi a kan kunya. Na zaro sifana daga jaka.

“A ba ni abin takawa. A ba ni kuma guntun bututu, kamar kamu ɗaya.”

Da na ambaci bututu dariyar ta ragu. Wani ya mirgino taya da ƙafa, wani ya miƙo bututun. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na hau, na zura, na danna. Noti na farko ya yi ƙara ya saki. Na bi sauran ukun ban huta ba, ko da yake ƙirjina kamar ana daka. Na ɗora ma'aunin lebur a kan fiffiken in nuna musu yadda na yi.

Sai na ga abin da ban gane ba. Ƙwayar iskar ba ta tsakiya. Ta gudu ɗaya gefen, wato yanzu bakin gaba ne ya ɗaga sama.

Na ce, “A'a. Ni a lebur na bar shi. Wani ya taɓa bayana.”

Dattijon ya ce, “To, ga shi kuma za a fara neman wani.”

A nan mai faiba ya yi magana, karo na farko tun zuwana.

“Mama, ran da kuka auna, ina motar take fuskanta?”

“Ƙofar gida. Kullum da baya yake shigo da ita.”

“Tsakar gidanku kuma gangare ne zuwa ƙofa.”

“Mijina ne ya yi shi haka don ruwan sama ya fita. Ba kuskure ba ne.”

“Ba kuskure ba ne, Mama. Amma motar hancinta a ƙasa yake lokacin. Kun miƙe fiffiken da ƙasa, ba da mota ba. Da ta hau kwalta ta daidaita, sai bakinsa ya koma sama.”

Matar magini, shekara arba'in da wani abu, ban auna inda motar take tsaye ba. Da mijina yana raye da ya karɓe sandarsa.

Na ce, “To ko da na miƙe shi daidai ɗin, ai da ba a yi haɗari ba.”

“Da an rage, amma ba daidai ba ne.” Ya waiga ya ɗauko wani faranti da aka ci shinkafa a ciki, ya ɗora a kansa. “Kun taɓa talla, Mama?”

“Da tallan goro aka aurar da ni.”

“In hadari ya taso, iska tana bugo ku ta gaba, yaya kuke yi da farantin?”

“Sai ka sunkuyar da bakinsa, mana. In ka bari ta shiga ƙarƙashi ai ta tafi da shi.”

Ban rufe baki ba na ji abin da na faɗa. Ya sauke farantin ya ajiye. Wani daga baya ya ce, “Hajiya ta yanke wa kanta hukunci.”

Na sauko daga kan tayar, ba wanda ya yi dariya yanzu. Autana yana tsaye kamar an dasa shi. Ya shafa filastar goshinsa.

Dattijon ya ja carbinsa ya ce magana ta ƙare, rumfa tana hannun mai ita. Sannan ya dubi ɗana. “Kai kuma, inda ka ɓata shi can za ka je ka wanke shi. Da muryarka, yanzu, muna ji.”

Autana ya fito da waya. Ya fara, wai bincike ya nuna wani ne daga cikin gida ya taɓa fiffiken bisa kuskure.

Na ce, “Goge. Wane ne wani? Ka ce uwarka.”

“Inna, mutane da yawa za su ji.”

“Da ka faɗi nasa mutane kaɗan ne suka ji?”

Ya sake ɗauka. Ya faɗi sifana, ya faɗi bututu, ya faɗi turmi, don na sa shi ya faɗa. Ya nemi gafarar mai faiba a ciki, sannan ya je ya nema baki da baki, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Dattijon ya ce in na gaji da zaman gida akwai gurbi a wurin masu walda, amma Bakatsiniya sai ta fara daga share rumfa. Na ce Banufe bai isa ya ba ni tsintsiya ba. A bakina kawai, ƙarfin ya ƙare.

Da aka watse na bi mai faiba rumfarsa. Warin faiba ya cika ta, ga wurin motoci uku fayau, sai alamar tayoyinsu a ƙasa. Ya goge mini benci da hannun rigarsa. Ban zauna ba.

Na ce, “Ka yafe mini.”

“Na yafe, Mama.”

“Ka san ni ce tun ran Lahadin nan. Me ya hana ka faɗa?”

“In nuna uwar mutum a cikin gidanta? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Kuma wa zai yarda? Ku da bakinku ma sai da kuka hau taya.” Ya ɗauki wata takardar goge faiba yana naɗewa yana warwarewa. “Ni ma in tambaya, Mama, in ba za ku ji haushi ba. Na ɗauka Litinin ɗin farko za ku zo. Na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, tsohuwar nan an ce ba ta ɓoye magana. Me ya sa sai yau?”

Na nemi amsa mai kyau ban samu ba, sai na ba shi wadda take akwai.

“Ban so a ce na yi kuskure ba.”

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa abin da ke damun inji. Ya ce bari ya samo mini keke, rana ta yi zafi.

Cikin satin motoci biyu suka dawo rumfar. Ta ukun mai ita ya riga ya kai ta Kaduna an ƙarasa aikin a can, kuma na ji har yau in an ambaci mai faiba yakan ce shi dai bai yarda da labarin tsohuwa ba, an shirya ne. Na sa autana ya nemo mini inda yake, na je har ofishinsa na faɗa masa da bakina. Ya ba ni lemo, ya ce Allah ya saka wa Hajiya da alheri, irinku masu rufa wa talaka asiri sun yi ƙaranci.